Yadda Za Ka Wanke Intakula Kafin Matarka Ta Dawo

Ka bi ni sau da ƙafa, na yi maka alkawari motarka za ta yi ƙarfin da ko waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa gani ba. Na san halin da kake ciki. Motarka mai shan dizal tana nishi a kan tudu, matarka kuma, tun ranar da ka gyara birki aka kwashe ku a bayan shagon mai wanki, ta rantse in ka sake ɗaga bonet makulli ya koma jakarta. Yau ta tafi gidan yayarta, sai yamma. Tashi.

1. Gano shi. Fara da cire rigarka ta fita, ka rataye a madubin mota. Intakula wani ɗan lagireto ne da ke sanyaya iska kafin ta shiga inji, kuma a hancin mota akwai irinsa da yawa, duk kamarsu ɗaya. Kwance wanda hannunka ya fara kaiwa. In ruwa ya zubo maka a ƙafa, ba shi ba ne. In ya yi huci kamar kububuwa, ka sallami na'urar sanyi, shi ma ba shi ba ne. Wanda ya rage shi ne.

2. Adana notuna. Zuba su a kofin shayinka. Notin da ya faɗa cikin inji kada ka neme shi, gida ya koma.

3. Wanke. Ɗauko bahon wankan yara. Ɗura kananzir a cikin intakula, toshe bakunansa da tafin hannu, ka yi ta girgizawa har baƙin mai ya fito. A nan ne maƙwabcinka zai leƙo ta katanga ya ce da ka kai wa bakanike. Kada ka kula shi. Ni haushin makanikai nake ji, duk abin da suka sani a kan motocinmu suka koya, ba su taɓa cewa mun gode ba.

4. Busarwa. Matsorata na cewa a shanya shi wuni guda, har warin kananzir ya fita tas. Su ba su da mata a hanya. Hura masa na'urar busar da gashinta har sai matarka ta bugo waya ta ce ta taso. Sai ka shinshina. Ba za ka ji komai ba, don hancinka ya mutu tun a mataki na uku. Mayar da shi, ɗaure da notunan da suka yarda.

5. Tayar. Injin dizal ba ya zaɓen abinci. Da ya ji kananzir na zuwa ta hanyar iska, zai kama sha yana ruri ba tare da ka taka komai ba. Ga ƙarfin da na faɗa maka. Murɗa makulli ka kashe. Ba zai mutu ba. Zare makullin gaba ɗaya. Zai ƙara murya, hayaƙi ya rufe shanyar maƙwabta. In ka ja da baya, tsoro ne, kuma ya halatta.

6. Tarbi matarka. Za ta ɓullo daga cikin hayaƙi da jaka a hammata. Maƙwabci yana ta ihun a toshe wa injin iska, kai kana tsaye da makulli. Ita za ta fizge rigarka daga madubi ta cusa a bakin shan iska. Inji zai haɗiye hannun riga, ya yi tari, ya yi shiru.

Sunkuyar da kai ka miƙa mata makulli da hannu biyu.

"Riƙe abinka, Baban yara," za ta ce. "Motar ma ta daina jin maganarsa."

Hattara. Riga, baho, kofi da shanyar mutane babu ruwana da su, kada a kawo min ƙara. Ƙarfi na yi maka alkawari, unguwa duka ta ji. Makulli kake tsoron rasawa, ga shi a aljihunka. Wurin da za ka zura shi ne ban taɓa cewa zai rage ba.