Ranar da Na Kwaikwayi Surukina a Hanyar Bakin Kogi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na kama hanyar bakin kogi zuwa gidan surukaina, lokacin ina koyarwa a firamare a Yammedi, ina ji da farar shadda da sabon takalmi.

A shekarun nan, kafin ruwan dam ya shanye gonaki da yawa, wannan hanya ita ce komai namu. Ba gwamnati ta yi ta ba, sawun ƙafa ne ya share ta, ta ratsa lambuna da gonakin rake, ta rarrabu zuwa ƙauyuka da rugage. Ta nan masu nono ke zuwa kasuwa, ta nan ake kai amarya, ta nan ake zuwa ta'aziyya. Da Sallah sai ka ga gida guda sun jeru za su ziyara, uba a gaba, yara suna tsayawa jifan ruwa. Ba ka wuce mai lambu bai cusa maka tumatir ko karan rake ba. Ni kaina a nan na fara ganin matata Hansatu tana wanke ƙorai (ita ta ce ita ta fara ganina, kare ya biyo ni, ban amince da wannan ruwayar ba).

To, Hansatu ta tafi gida haihuwar fari. Aka yi suna, aka yi arba'in, shiru. Ni kuwa tuwon da nake tuƙa wa kaina ya kusa kai ni asibiti. A ƙa'ida babba ake turawa ya yi maganar dawowarta, amma na ce ai ni malami ne, magana sana'ata ce.

Matsalar ita ce surukina, Malam Buba. Makiyayi ne mai kwarjini, ba ya magana sai ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya ja wani "Toooo" mai tsawon da sai ka manta abin da ya kawo ka. Da na zo wurin da gamba ta yi tsayi, daf da mashigar wani rafi, na duba gaba da baya ba kowa, sai na ce bari in gwada.

Na durƙusa a tsakiyar hanya. "Baba, barka da hutawa. Ya shanu? Ya mai jego?"

Sai na miƙe, na koma ɗaya gefen, na yi gyaran murya, na shafa haɓata da ba ko gashi. "Toooo. Malam, lafiya ƙalau."

Na sake durƙusawa. "Baba, dama gidan ne ya yi min faɗi."

Na koma gefen Baba. "Toooo. Ai kai suruki ne na gari. Ɗauki matarka, ga saniya ka haɗa da ita."

Abin ya yi min daɗi (a nan ya kamata in tsaya). Sai na ƙara da muryar surukata, na matse hanci: "Haba Malam, yarinyar ko ƙiba ba ta yi ba!" Na amsa da muryar Baba har da buga ƙafa: "Ke, yi min shiru! Toooo!"

Sai na ji gyaran murya. Na ainihi.

Na ɗan ture gamba. Ashe mazan ƙauyuka biyu ne suka fito gayyar gyara mashigar da ruwa ya cinye, sun zauna a inuwa suna shan fura. Kowa ludayi a hannu, ba mai motsi. A tsakiyarsu ga Malam Buba. Kusa da shi ga mahaifinsa, kakan Hansatu, tsohon da kullum yake ce min na ƙwace masa mata.

Tsohon ne ya fara magana. "Mai ƙwace, tunda Buba ya riga ya amince, me kake jira? Sai dai saniyar, wacce ya ce maka?"

Na zube ƙasa, a wannan karon durƙuson gaske, cikin taɓo. Gaisuwar da na haddace duk ta gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ina wuni," alhali hantsi bai gama ɗagawa ba.

Malam Buba ya dube ni. Ya kai hannu gemu, sai ya sauke. Ya buɗe baki, "To…" sai ya haɗiye sauran. Nan fa mutane suka kasa riƙewa, wani har fura ta sarƙe shi. Shi kansa Baba juya baya ya yi, amma na ga kafaɗunsa suna rawa.

Da ya juyo, abin da ya ce kawai, "Malam, kama itacen can."

Haka na wuni ina jan gungumen giginya da farar shadda, har muka shimfiɗa shi a kan rafin. Ban yi maganar Hansatu ba, shi ma bai yi ba. Ranar Juma'a sai ga ta da goyo, gwaggonta na biye da garar jego. Tana sauke kaya ta matse hanci ta ce, "Inna ta ce a tambaye ka, yanzu na yi ƙibar?"

Daga nan na koyi darasi: in har za ka kwaikwayi surukinka, shiga ɗaki ka kulle ƙofa. In kuma ka riga ka fara a waje, don Allah kada ka haɗa da surukarka, ita ba ta mantuwa.