Man Shanun Ingila

Ba zan taɓa mantawa da hutuna na farko bayan na kama aiki ba. Lokacin ban daɗe da gama makarantar Midil a Sakkwato ba, aka haɗa ni da Baturen gona ina yi masa tafinta. A barikin Tambuwal na same su suna rangadi. Da zan tafi gida Kebbe, kukunsa ya miƙo mini wani gwangwani mai hoton saniya da rubutun Turanci, ya ce in kai tsaraba. Na karanta rubutun sau uku (ni mutum ne mai gudun kuskure): man shanu, daga Ingila. A hanya ko jaki ban yarda ya ɗauka ba, a aljihun riga na riƙe shi.

Gwaggo Hajo, wadda ta raine ni, da man shanu ta yi suna a unguwarmu. Ranar da na iso ta zuba mini nata a tuwo, na ture a hankali, na ce ina jin, wataƙila, irin wannan yana ɗan ɓata ciki, haka dai littafin tsafta ya nuna. Ta ɗauke kwanon.

Washegari na tara 'yan gida da maƙwabta a tsakar gida. Na buɗe gwangwani, na lakata, na lumshe ido. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin wannan ba. Na shiga bayani cewa shanun can ɗanyar ciyawa suke ci duk shekara, shi ya sa babu ƙarni. Kowa ya lasa yana gyaɗa kai. Kawu Ummaru ya ce har ya ji sanyin ƙasar a harshensa.

Gwaggo ta karɓa, ta juya gwangwanin, ta shafa wata lotsawa a gindinsa.

"Wanga mai nau na, ɗana," in ji ta. "Da Nasara ya sauka nan kwanan baya, kukunai ya kawo man gwangwanin babu komi. Da hannuna na cika shi."

Sai Kawu ya tambaye ni ko cikin ya fara murɗawa. Tsakar gida ta kece da dariya. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, nan take man da ke bakina ya fara yi mini ƙarni, alhali ko haɗiye shi ban yi ba.

Da yamma na je ɗakinta ba da haƙuri, ina ta kewaye-kewaye. Ta ce ba komai, ita dai ta gode Allah da ta saka ni makaranta, tunda yanzu har harshena ya iya karatu.

Tun daga ranar, in aka ba ni abinci nakan fara ci kafin in tambayi daga ina ya fito. Galibi dai.