Zangon da Na Yada a Kabo

Ba zan taɓa mantawa da ranar tafiyarmu Umara ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta hanyar gidana. Na ce "tafiyarmu" ne don in rufa wa kaina asiri, za ku ji waɗanda suka tafi.

Mu uku ne: ni, da maiɗakina Saude, da wanta Yaya Sule. Kafin mu bar Gwarzo na yi bankwanan da ko mai zuwa duniyar wata bai isa ya yi ba. Gida-gida na bi Unguwar Tudu ina neman gafara, har da mutanen da ban taɓa yi wa laifi ba (wasu ma a ranar suka fara sanina).

Mun isa filin jirgin Kano da sanyin safiya. Aka auna kaya aka shige da su, sannan aka sanar cewa jirginmu bai iso ba, sai bayan la'asar. Nan fa jama'a suka baje. Wani ya shimfiɗa darduma ya hau minshari, wata ta kwance ƙullin dambu, wani dattijo ya rungume jakarsa kamar an ce masa za a raba gadonsa yana raye. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na ce a raina ƙauyanci dai ba ya jin magani. Ni da na san jirgi! (Ban taɓa shiga ba, amma na sha yin rakiya, kuma ina kallonsa a waya.)

Na zaunar da su Saude na yi musu karatu. Na ce jirgin da aka ce la'asar, in ya tashi da asuba a gode wa Allah. Na ce wayayyun mutane ba sa zaman gadin kujera. In tafiya ta yada zango, fita suke su zaga gari. Ga Kabo nan kusa, garin surukina, mahaifin Saude, wanda ta waya kawai na yi wa sallama saboda hidima ta yi mini yawa. Zan je in durƙusa masa, in sha fura, in dawo in tarar da su inda na bar su. Yaya Sule ya ce in yi haƙuri in zauna. Na ce shi da kujerar su ci gaba da zumunci. Saude dai ta miƙo hannu ta karɓi fasfonta daga aljihuna. Mai hankali da tun nan ya farga.

Direban da na samu a tashar Kabuga, duk bishiyar da ya gani sai ya tsaya ko fasinja zai faɗo. Duk da haka kafin azahar ina Kabo, ina yi wa kaina kirari.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, mai niyyar Makka ba ya ratsa gari ya wuce salin-alin. Daga tasha zuwa gidan Baba surukina ba nisa, amma kowace ƙofa sai da aka tare ni da saƙon addu'a. Mai shayi yana son a roƙa masa ciniki. Wata tsohuwa ta jero mini jikokinta da larurar kowanne. Wani tela yana son ɗansa ya samu aiki, shi kam biyo ni ya yi don kada in manta sunan yaron. Ni kuwa daɗi ya kashe ni. Ina ta yi musu bayanin yadda jirgi ke tashi, bayin Allah da iyakar abin da suka sani mai tashi sama shirwa ce.

A ƙofar zauren Baba na tuɓe takalmi, na kashe ƙarar waya, na durƙusa. Muka gaisa: gida, iyali, gajiya, gona, mutanen Gwarzo unguwa-unguwa. Ya sa a yanka kaza. Na ce ina ɗan sauri, amma a hankalin da na faɗa, gwiwata kaɗai ta ji. Wa ke ce wa surukinsa yana sauri? Aka yi azahar, aka jira kaza, kazar ta ƙi nuna, aka yi la'asar. Sannan Baba ya riƙe liman da dattawan unguwa, ya ce ba zan fita garin nan ba sai an yi mini addu'a ta musamman.

Muna ɗaga hannu waya ta fara rawa a aljihuna. Ta tsaya, ta sake. Cinyata har ɗumi ta yi. To a gaban suruki da liman, hannuwa a sama, wane marar kunya ne zai sauke ya laluba aljihu? Na ce ai Yaya Sule ne da tsoronsa na banza, na ƙara ƙarfin amin.

Ana shafa fatiha wayar Baba ta yi ƙara. Kunnensa ya yi nauyi, don haka kullum a buɗe yake sa murya, duk zauren ya ji. Saude ce.

"Baba, mun shiga jirgi, yanzu za a rufe ƙofa. A yafe mini."

"Na yafe miki, Allah ya kai ku lafiya. Ke da wa kuka shiga?"

"Ni da Yaya Sule. Shi kam mun kira har mun gaji. Ko ya iso nan?"

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya kai wayar bakinsa.

"Ga shi nan a gabana. Yanzu muka gama yi masa addu'ar sauka lafiya."

Liman ya shiga gyaran hular da ba abin da ya same ta. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa, kamar akwai motar da za ta kamo jirgi. Telan nan ya matso kusa da ni, ya tambaya cikin ladabi ko zan ba shi lambar Hajiya, ya mayar da saƙonsa wajenta.

Baba ya ce, "Zauna, Malam. Tunda yanzu ba inda za ka, a kawo kazar."

Na kuwa ci. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa kai loma baki a gabansa ba, amma ranar babbar kunya ta cinye ƙarama, har ƙashi na tauna.

Jakata ta yi Umararta ta dawo lafiya. Ni kuwa na kwana biyu a Kano ina bin ofis, kowa na ba ni haƙurin da ba ya shigar da mutum jirgi, na gaji na kama hanyar Gwarzo. Labarin ya riga ni zuwa. Mutum na farko da na haɗu da shi ya yi mini barka da sauka, ya tambayi yadda na baro mutanen Kabo, ko akwai cunkoso bana. Har yau wasu Alhajin Kabo suke kirana, kuma ina amsawa.

Darasin da na koya ɗaya ne: jirgi yana iya yin shekara yana saɓa alƙawari, amma ranar da ka dogara da saɓawarsa, ranar zai tuba. Yanzu ko motar kasuwa nake jira, in fitsari ya matse ni, sai na tafi da makullin direba.