Yadda Za Ka Ci Gasar Farautar Gwangwani Ba Tare da Surukinka Ya Raina Ka Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawarin abu biyu: za ka ɗaga kofin gasar farautar gwangwani ta bana, kuma surukinka zai ci gaba da kallon ka a matsayin mutum mai hankali. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya dawo mini yana kuka ba. Waɗanda suka yi kukan ba su dawo ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake. Wani zai sami ƙaramin gwangwani mai murfi, ya zuba masa tarkace, su maɓalli, mariƙin makulli, 'yar agwagwar roba da guntuwar takarda, ya cusa shi a wani lungu, sannan ya sa alamar wurin a taswirar waya. Sauran kuma, manyan mutane masu iyali, su bi kibiyar da ke kan wayarsu suna leƙa ramuka. Ranar gasa, wanda ya riga kowa rubuta sunansa a takardar gwangwanin ƙarshe shi ya ci. Babbar dokar ita ce kada wanda ba ya wasan ya gane abin da kake yi. Mu 'yan kallo muke ce musu, kuma duk cikin 'yan kallo babu mai haɗari kamar uban matarka.

Mataki na 1: Nema wa abin suna mai nauyi

Kada bakinka ya kuskura ya ce "wasa". Magidanci ba ya wasa ranar Asabar. Ka ce "aikin fili", ka ɗan ɗaure fuska.

Surukinka tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, yanzu yana yini a kan benci a ƙofar gidansa, rediyo a cinya. Ya taɓa hango ka kana tafe, ka dubi waya ka dubi ƙasa, ya tambayi 'yarsa, ita kuma don rufin asiri ta ce awo kake yi. Tun ranar ya ɗauka ban da shagon tayal ɗin da kake tsaro, hukuma na kiran ka awon hanyoyi a ƙarshen mako, har ya raɗa maka Injiniya. Kada ka gyara masa. Duk cikin mazajen 'ya'yansa kai kaɗai yake kashe wa rediyo idan ka zo gaisuwa, kuma ka san da a ce yau ka zo ya bar rediyon a kunne, gara ƙasa ta tsage ka shige.

Matarka za ta ja maka kunne kana ɗaura takalmi: "Ni dai ka je ka yi shirmenka can nesa. Ranar da Baba ya ji, wallahi ban san ka ba." Ka ce mata to.

Mataki na 2: Sa rigar da ba a yi wa tambaya

Nemi rigar nan mai sheƙi ta ma'aikatan hanya. Mutum mai kayan gida idan ya tsuguna a gindin katangar wani, ɓarawo ne. Mai rigar sheƙi kuwa ko ƙofar gidan ya cire ya ɗora a ka, sai dai a ce masa sannu da aiki. Soke biro a aljihun gaba inda kowa zai gani.

Mataki na 3: Gane wanda ya kamata ka ji tsoro

Za a taru da safe a filin ajiye motoci, Shugaban ƙungiya yana rataye da usur yana jawabin da ba wanda ke saurara. Kada masu manyan jakunkuna da takalman hawan dutse su firgita ka. Waɗannan hoto suka zo ɗauka.

Juya ka dubi matar can da ke zaune a kan babur tana ɓare lemo. Anti Nas ke nan, ma'aikaciyar asibiti, mai riƙe da kofin tun da aka fara gasar. Hannunta siriri ne, babu ramin da ba ya shiga, kuma aikinta ya daɗe da cire mata ƙyanƙyami. Za ta yi maka murmushi ta ce, "Ƙanina, bana ma ka zo raka ni?" Yi dariya kamar abin bai yi maka zafi ba. Idan aka hura usur, kada ka yi gudu, don Injiniya ba ya gudu. Yi sauri dai irin na wanda ya sha shayi da yawa.

Mataki na 4: Koyi leƙe ba tare da ka leƙa ba

Wayarka za ta kai ka kusa ne kawai, sauran aikin na ido ne da hannu. Idan akwai 'yan kallo, tsuguna ka ɗaure igiyar takalmi, ka laluba ƙarƙashin benci. Ko ka kara waya a kunne kana cewa "Eh, ranka ya daɗe, ina wurin," ɗayan hannun yana bin bayan allon talla.

Abu ɗaya ne na hana ka. Kada ka ce makullinka ya faɗi. Mutane na da kirki, ɗan'uwa, kuma kirkin nan shi zai kashe ka. Kafin ka rufe baki mai shago da mai gyaran taya da fasinjojin da ke jiran mota duk sun duƙa suna taya ka nema, ƙarshe ma wani ya tsinto gwangwanin ya jefa a shara.

Mataki na 5: Idan kibiya ta karya kwanar da ka sani

Bayan ka tsinci na farko-farkon, alamar gwangwanin ƙarshe za ta fito. Za ka bi kibiya, ta wuce gidan mai, ta karya kwana. Layin surukanka ne. Kibiyar ba za ta tsaya ba sai a gindin katangarsu, daidai bakin bututun da ruwan wanke-wanke ke bi ya fita, a bayan bencin da tsohon ke zaune.

Rago a nan yake juyawa. Kai kuwa ka tuna Allah ya ba ka abin da Anti Nas ba ta da shi: kai kaɗai ne a gasar nan ke da dalilin tsugunawa a wurin.

Zai kashe rediyo. "A'a, Injiniya! Yau aiki ya biyo da kai ta wajenmu?"

Tsuguna a gefen bencin, bayanka na kallon katanga, ka fara gaisuwa, hannun damanka kuma ya sulale cikin bututun. Ja gaisuwar iya ja. Tambayi lafiyarsa, da ƙafar da ke damun sa, da Mama, da ciwon bayanta, da ƙannen matarka ɗaya bayan ɗaya. Idan dangi sun ƙare ba ka taɓo komai ba, tambayi batirin rediyon. Can, hannu ya shige har gwiwa, za ka ji sanyin ƙarfe. Damƙe shi.

Mataki na 6: Kada ka saki

"To madalla," zai ce. "Tashi mana ka hau benci."

A nan za ka gano cewa hannun da ya shiga a miƙe ba ya fita a dunƙule. Ja a hankali. Ja da ƙarfi. Sannan ka share zufa da hagu ka ce, "Baba, bututun nan nake dubawa. Ban ji daɗin yadda yake ba."

Tsohon zai miƙe yana kiran maƙwabta: "Ku zo ku gani! Surukina da kansa ya zo duba mana magudana!" Za su zo. Tela zai ce nasa ma yana wari, wani ya tambaye ka yaushe za a zuba musu kwalta. Amsa kowa da "muna kan aikin". Sai Mama ta leƙo ta ga yadda jijiyar wuyanka ta tashi, ta ɗora hannu a ka ta ce wani abu ya kama ka a ciki.

Daidai nan babur zai tsaya. "Ku ba ni wuri, ni nas ce." Za ta karɓi sabulu ta durƙusa tana goga maka a hannu, fuskarta cike da tausayi, ta raɗa maka a kunne: "Ƙanina, saki gwangwanin hannunka ya fita. Ka tafi gida da mutuncinka, ni in tafi da kofina."

Shawara ce mai kyau, duk mai hankali zai karɓa. Ka ce mata a'a.

Mataki na 7: Guduma

Hannun zai fara kumbura. Dubi fuskar surukinka, za ka ga dariyar ta ɗauke. Katangar nan shi ya gina ta da guminsa, ko yara ba ya bari su jingina keke a jikinta. Amma zai juya ya ce wa tela, "Kawo guduma. Ku fasa."

"Baba, katangarka fa," za ka ce.

"Katanga ce kawai. Ku fasa, na ce!"

Wannan wurin akwai kunya, ba zan ɓoye maka ba. Ba a taɓa nuna maka ƙauna irin wannan a bainar jama'a ba, kai kuma abin da ka riƙe agwagwar roba ce. Rufe ido har bulo ya zube, bututun ya dare, hannunka ya fito a gaban kowa da gwangwani a cikinsa. Murfin zai faɗi, agwagwar ta gangara ta tsaya a gaban takalmin tsohon.

Zai duƙa ya ɗauke ta, ya ɗaga sama ya ce, "Kun ga abin da ya toshe mana ruwa? Ba don Injiniya ba, da damina ta cinye mu." Anti Nas za ta miƙo hannu ta ce a ba ta gwangwanin ta zubar. "A'a, 'yata," zai ce, "bar masa. Ofis zai kai."

Mataki na 8: Zauna inda aka ce ka zauna

Idan mutane sun watse, zai nuna maka benci. Zauna. Zai dubi ɓaraguzan katangarsa, ya ce:

"Wani mai usur ya zo jiya, ya gaishe ni, ya nemi izinin ya cusa abin nan. Ya yi mini bayanin wasan kaf. Na ce ya sa, don ina so in ga irin mutanen da Allah ya hore wa lokaci haka. Tun safe nake zaune ina jiran su." Zai juyo ya dube ka. "Ban zaci nawa ne zai fara zuwa ba."

Sunkuyar da kai. Za ka ji ya zare biron daga aljihunka ya danƙa maka a hannun da ya kumbura.

"Rubuta sunan naka mana, kafin yarinyar can ta dawo. An fasa mini katanga, kuma a ce ba mu ci ba?"

Rubuta. Kofin naka ne.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a katangar kowa, ko kumburin hannu, ko abin da matarka za ta faɗa idan labari ya riga ka isa gida, kuma zai riga ka. Idan surukinka ba irin wannan ba ne, kada ka neme ni, ban ce ka aure 'yarsa ba. Haka nan ba na ɗaukar alhakin abin da za ka ji ranar da ka zo gyara, ka tarar tsohon ya riga ka kwaɓa siminti, yana juya sabon bututu a hannu, ya dube ka ya ce, "Zo ka sa hannunka mu gwada. Wannan karon mai faɗi na sa aka kawo."