Jatau da Layukan da Suka Ɓata

A garin Kwarin Maje akwai wani mutum wai shi Jatau, shekara talatin da 'yan kai, yana zaune a gidan yayarsa Lantana. Ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa aikensa ya dubo ko tela ya gama ɗinki, ya je ya duba, ya dawo hannu rabbana ya ce an gama.

Lantana kuwa ita ta rubuta manhajar da ke kula da ɗakin sanyi na ƙungiyar manoman tumatir. Kowane minti na'urar ɗakin takan rubuta layi ɗaya a kundinta, lokaci kaza, sanyi kaza, in wani abu ya lalace ta rubuta MATSALA. To sai tumatir ya fara ruɓewa, manoma suka fara ƙunƙuni cewa aikin Lantana ne bai yi ba. Aiki ya yi mata yawa, dole ta jawo Jatau, tunda ya iya buga kwamfuta.

Wata rana ta nuna masa kundin wata guda, layi dubu arba'in da ɗoriya. Ta koya masa yadda ake haɗa 'yan alamomi su tace rubutu, abin da masu sana'ar ke kira regex, ita kuwa rariya take ce masa. Ta ce ya haɗa rariyar da za ta kamo matsala, kada komai ya zube. Kafin ta sha ruwa ya ce ya gama. Ɗigo da tauraro kawai ya rubuta, alamar da ke nufin a kama duk abin da aka tarar. Layi dubu arba'in suka dawo mata cif.

"Yaya, ƙirga ki gani," in ji shi, "ko ɗaya bai zube ba."

Wata rana kuma, bayan ta gyara rariyar da hannunta, ta ce ya sa ta a keɓaɓɓen sashe na manhajar, irin wanda ba a kiransa daga waje, sai 'yan gida. Jatau ya sa. Da ya ga wani layi can sama yana kiran rariyar, ya yi ta nazari, ya yanke hukuncin cewa shi ma ba a cikinta yake ba, saboda haka ɗan waje ne, ya goge shi. Ranar manhaja ta wuni shiru, allo fes. Lantana ta yi murna har ta aika wa shugaban ƙungiya, Malam Barau, cewa komai lafiya. Washegari aka fitar da kwando tara da suka narke. Malam Barau ya zo da kansa, ya ce in ranar kasuwar Juma'a ta zo ba ta gano dalili ba, za a ɗauko wani daga birni. Lantana ta ji kunya ƙwarai, don a gaban manoma aka faɗa.

Wata rana, ana jibi Juma'a, ta mayar da rariyar kan aiki, ta tace kundin sau uku, ba ta samu MATSALA ko ɗaya mai ma'ana ba. Jatau na tsaye a kanta yana tambayar me zai yi. Don dai ta rabu da shi, ta ce ya kwashe layukan da rariya ta zubar, ya bi su minti bayan minti, kada ya tsallake ko ɗaya. Ya tafi ƙarƙashin darbejiya da tsohuwar kwamfuta, yana bi da yatsa.

Da hantsin Alhamis sai ga shi, ransa a ɓace.

"Yaya, kin ba ni aiki da giɓi. Daga ƙarfe biyu saura kwata zuwa huɗu da kwata, babu layi. Kullum haka. Ki ba ni sauran in karanta."

Lantana ta buɗe baki za ta kore shi, sai abin ya faɗo mata. Rariyarta kuka take nema, alhali na'urar da aka kashe ba ta kuka, ko layi ɗaya ba ta rubutawa. Ta yafa mayafi, suka tafi bayan ɗakin sanyi suka zauna. Ana idar da azahar sai ga Malam Barau da doguwar waya. Ya zare filogin ɗakin sanyi, ya soka na injin ban ruwan gonarsa, yadda ya saba tun da ya lura cewa a lokacin ne wutar solar ɗakin, mai aiki da hasken rana, ta fi ƙarfi. Da ya juyo ya gan su, ya ce shi a zatonsa sanyin safe yana kai tumatir har la'asar. Ranar Juma'a shi ya tashi a gaban manoma ya wanke Lantana, yana magana yana kallon takalminsa.

Kowa ya yi ta sa wa Jatau albarka, har da mai ba shi kwandon tumatir. Shi dai bai saki fuska ba. Da suka dawo gida ya ajiye kwandon, ya buɗe tsohuwar kwamfuta, ya ce, "Yaya, har yanzu fa ba ki ba ni layukan nan ba."