Yadda Na Zama Mushe Wi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata a Madina ba, ranar da na tsaya tsakanin likita da marar lafiya da sunan tafinta, alhali maganar mutum ɗaya kaɗai nake ji a cikinsu. Shekaru sun wuce, amma har yau idan abin ya faɗo mini a rai sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun Hadisi. (Ku riƙe wannan: Hadisi nake karantawa, fannin da ake watsar da ruwayar mutum gaba ɗaya saboda an taɓa kama shi da ƙarya sau ɗaya.) Sai aka shirya wata babbar gasar wasanni ta ƙasashe da yawa, da tsere da tsalle da kokawa da ɗaga ƙarfe, aka kawo wani ɓangare nata Madina. Aka nemi ɗalibai 'yan sa-kai, musamman baƙi irinmu masu jin harsuna. Muka tafi mu da yawa, wasu don lada, wasu don takardar shaida. Ni kam na gaya wa kaina don lada ne.

Mai rajistar wani matashi ne, Ustaz Majid, haifaffen Madina amma kakanninsa Kanawa ne. Irinsu za ka yi musu Hausa su fahimta tsaf, amma da Larabci za su mayar maka. Ya tambaye ni harsunan da nake ji, na lissafa: Hausa, Larabci, Turanci. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Faransi fi?" wato ko akwai Faransanci. Wanda ke gabana a layi, wani ɗan Chadi, harsuna biyar ya lissafa, har Ustaz Majid ya ce masa masha Allah. Ni kuma uku? Sai na ji bakina ya ce, "Fi."

Gaskiyar magana, Faransancina na ƙaramar sakandare ne a Gusau, shekara biyu, kuma malamin ya fi zuwa gonarsa da zuwa ajinmu. Abin da na tsira da shi bai wuce bonjur, sa va, mersi da wi ba, wato ina kwana, lafiya, na gode da e, sai ƙirge daga ɗaya zuwa goma (bakwai da takwas ma ba ni da tabbas a kansu). Na ɗauka za a rubuta ne kawai a manta. Bayan mako guda saƙo ya shigo wayata: an haɗa ni da tawagar wata ƙasa ta Afirka ta Yamma, mutum goma sha biyu, ba mai jin Larabci ko Turanci a cikinsu, ba kuma mai jin Hausa.

Na sami damar janyewa. Kwana huɗu cur nake da su kafin tawagar ta iso. Amma an riga an ba ni riga mai launin kore da kati na ratayawa a wuya, an rubuta "mutarjim" da manyan baƙaƙe, wato tafinta, na kuma ɗauki hoto na tura gida. Yayata har ta sa shi a kan wayarta tana nuna wa maƙwabta.

Direban bas ɗinmu wani dattijo ne, Baba Hamidu, mutumin Damagaram. Ya haura shekara ashirin yana tuƙi a Madina, yana zaune a unguwar Harra ta Gabas. Ranar farko da ya gan ni ya washe baki ya ce, "A'a, ɗan gida ne ashe! Sannu Malam, mutanen ina ne?" Na amsa masa sama-sama, har da saka Larabcin littafi a ciki, don ya san da ɗalibin jami'a yake magana. Ya gyara madubi ya tada mota.

Dabarata mai sauƙi ce. Idan Ustaz Majid ya ba ni sanarwa, sai in laɓe in rubuta a manhajar fassara ta waya, in haddace, in zo in karanto musu kamar mai tilawa. Idan kuwa su suka yi mini magana, sai in ɗaure fuska irin ta mai nazari, in gyaɗa kai, in ce, "Wi, wi." Kocinsu ya yi mini doguwar magana a ƙofar otal ɗinsu da ke Aƙiƙ, na ce wi. Wani ɗan kokawa ya nuna mini takalminsa yana ƙorafi, na ce wi. Abin mamaki, komai yana tafiya daidai. Suna fitowa a kan lokaci, ba wanda ya ɓata, mai ƙorafin takalmi ma washegari na gan shi da sabo. Har na fara tunanin ko dai Faransancin nan ba wani abu ba ne, mutane ne ke zuzuta shi.

Ranar hutunsu muka kai su ziyara Ƙuba. Nan ne fa fagena, don tarihin masallacin a kaina yake da ruwayoyinsa. Suka kewaye ni suna jiran bayani. Na buɗe baki, duk ilmin nan ya tsaya a maƙoshi, ba ƙofar fita. Na nuna masallacin na ɗaga yatsa ɗaya na ce, "An!" wato ɗaya, ina nufin shi ne na farko. Na sake nuna shi na ce, "Bon. Tre bon," wato yana da kyau ƙwarai. Suka gyaɗa kai cikin ladabi. Da na dawo daga alwala na hango su sun taru a jikin bas wajen Baba Hamidu, na ɗauka dabino yake raba musu.

A cikinsu akwai wani mai tsalle, Seku, dogo siriri, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Shi ya fi kowa sakin fuska. Kullum da safe sai ya dafa kafaɗata ya faɗi wani abu, sauran su yi dariya, ni ma in taya su.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe goma na safe, Seku ya yi tsalle ya sauka ba daidai ba. Daga inda nake na ji ƙararsa. Idon sawunsa ya kumbura nan take. Kocinsu yana can wani zauren tare da 'yan kokawa, tawagar kuma ƙarama ce, ba su zo da likita ba. Ni da Baba Hamidu muka bi ma'aikatan agaji zuwa ɗakin jinya na filin. Baba ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da jakar Seku, ni na shige ciki da katina a wuya.

Likitan ya duba ƙafar, ya ce da alama targaɗe ne amma sai an ɗauki hoto, kafin nan zai yi masa allurar rage zafi. Ya juyo gare ni ya ce da Larabci, "Tambaye shi, akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa?"

Wayata tana aljihuna. Wannan shi ne wurin da ya fi ci mini rai idan na tuna. Da na ciro ta, da cikin minti ɗaya an gama. Amma ga likita, ga nas, ga Ustaz Majid da ya shigo yanzu yana haki. Tafinta ya ciro waya a gabansu? Sai na sunkuya wajen Seku na ce, "Sa va?"

Seku bai kalle ni ba ma. Idonsa yana kan 'yar kwalbar da nas ke fasawa. Ya karanta abin da ke jikinta, sai ya yunƙura zai tashi. Ya fara magana da sauri, yana girgiza kai, yana kama maƙogwaronsa da hannu biyu, yana dukan ƙirjinsa.

Likita ya ce, "Esh yigul?" Me yake cewa?

Na dubi hannun da ke kan maƙogwaro, na yi irin ijtihadin da ba a ba da lada a kansa. Na ce, "Ya ce ƙishirwa yake ji. Kuma yana tsoron allura."

Nas ya yi murmushi ya miƙa masa gorar ruwa. Likita ya ce, "Ƙato kamar wannan? Ku riƙe mini shi." Ni da kaina na dafe kafaɗar Seku.

"Daktor, lahza! Dakata!"

Baba Hamidu ne. Ya yar da jakar ya shigo, bai ko dube ni ba. Ya yi wa Seku magana da Faransanci, ba gargada, kamar wanda aka haifa a cikinsa. Seku ya riƙe hannunsa yana amsawa, hawaye na zuba. Sannan Baba ya juya ga likita da Larabcinsa na tasha, wanda na raina, ya ce yaron yana cewa an taɓa yi masa irin wannan allura a ƙasarsu, maƙogwaronsa ya toshe, numfashi ya gagara, sai da ya kwana uku a asibiti, kuma an gargaɗe shi kada ya sake yarda a yi masa ita.

Likitan ya ajiye allurar a hankali a kan tire. Ya dubi Baba, ya dubi katin da ke wuyana, ya karanta shi a fili, "Mutarjim." Sannan ya ce, "A cikinku wane ne direban?"

Ban san yadda na fito ba. Na dai tsinci kaina a bayan ɗakin, a gefen injin sanyaya iska, ina jin hucinsa a ƙafafuna. Ustaz Majid ya biyo ni. Na jira faɗa da Larabci, sai ya dube ni ya yi mini Hausa, karo na farko kuma na ƙarshe da na ji ta a bakinsa: "Kai, ba ka da kunya?" Lafazin a karkace yake, amma ya shiga.

Bayan azahar na sami Baba Hamidu a cikin bas shi kaɗai yana shan shayi. Na tsaya a matakala na kasa hawa.

"Shigo mana, Malam, rana ta yi zafi."

"Baba, ashe kuna jin Faransanci."

"Na yi lakwal, makarantar bokonmu ta Nijar, har aji shida. Kuma shekara tara na yi ina jan babbar mota tsakanin Kwatano da Abijan kafin in zo nan."

"Tun yaushe kuka gane?"

Ya yi 'yar dariya. "Tun a ƙofar otal. Kocin ya tambaye ka ƙarfe nawa za a fito, bakwai ko takwas, ka ce masa wi."

Ashe duk kwanakin nan shi ke aikin. Ina juya baya sai su zagaya wajensa. Shi ya kai maganar takalmin, shi ya ba su tarihin Ƙuba a jikin bas. Ya ce tun rana ta biyu suka raɗa mini suna, shi ne abin da Seku ke faɗa kullum da safe har in taya su dariya. "Mushe Wi suke ce maka." Ya lura da fuskata ya yi saurin cewa mushe a wajensu mutanen Nijar ai girmamawa ce, haka suke kiran malamin makaranta. Na ce na gode, amma ni Bazamfare ne, kuma a ranar ma'anar da na sani ta fi dacewa da ni.

Na ce, "Me ya sa ba ku tona ni ba?"

Ya juya kofin a hannunsa. "Na ga ɗan gida ne, ga karatu, ga riga ta yi maka kyau. Na ce bari in rufa maka asiri, kwana nawa ne. Amma yau da na tsaya a mota ban biyo ku ba fa? Tun ɗazu abin da nake tunani ke nan. Ni ma sai na nemi gafara, Malam. Rufin asirin da na yi maka saura kaɗan ya ci ran ɗan mutane."

Wannan ta fi tambayar likita yi mini ciwo. Ni na yi ƙaryar, amma dattijo ne yake zaune yana tuhumar kansa.

Washegari aka karɓe katin, aka mayar da ni ƙofar shiga ina nuna wa 'yan kallo hanyar kujerunsu. Baba aka ba wa aikin fassara a kan tuƙinsa. Kafin tawagar ta tafi na roƙe shi ya raka ni wajen Seku, wanda ke dogara sanda. Na ba shi haƙuri da Hausa, Baba yana juyawa. Seku ya saurara har na gama, ya yi magana gajera. Baba ya ce, "Ya ce ya yafe. Ya ce ba rashin iyawarka ne ya ba shi tsoro ba, don sun daɗe da sani. Da ka dafe shi ne."

Ban sami abin cewa ba, kuma a karon farko ban ƙirƙiro ba.

A hanyar komawa Baba ya ce zai koya mini Faransanci, amma jimla ɗaya tak, wadda ya ce ta ishe ni zaman duniya. Ya sa na yi ta maimaitawa tun daga Aƙiƙ har ƙofar jami'a: "Je ne kompran pa." Ma'anarta, ban gane ba. Yanzu na iya ta da harsuna huɗu, kuma ina amfani da ita a aji a gaban ɗalibaina, har da gaban surukaina, ban ga ta rage mini komai ba. Baba Hamidu ya ce lafazina a kanta ya yi kyau ƙwarai, kamar ɗan Faransa. Matsalar kawai, duk wanda na gaya wa ita sai ya ɗauka na iya, ya ci gaba da zuba.