Ranar da Shanu Suka Ci Mana Wasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a shekarata ta ƙarshe a sakandare ba, kuma ko na so in manta, 'yan ajinmu ba za su bari ba. Har yau in na ratsa ta Wunti sai wani ya ɗago kai daga kan keken ɗinki ya ce, "Mai ƙararrawa, yau nawa muka ci?"

Ni ne mai kula da lokaci a makarantarmu, wata jeka-ka-dawo da ke bakin gari ta wajen Inkil. Ƙararrawar tamu tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshen dalbejiya, sai guntun ƙarfe na bugawa. Amma yadda na ɗauki muƙamin nan, ka ce gwamna ne ya rantsar da ni. (Har agogo na sa babana ya saya mini, ina ɗaure shi a kan hannun riga don kowa ya gani.)

Muna da wata al'ada da muka tarar. In 'yan ƙwallonmu suka je wasa waje suka ci, direban motar makaranta, Baba Ilu, zai danna hon sau uku, dogaye, tun daga kwanar shigowa. Mai ƙararrawa na ji sai ya hau wili da duka ba ƙaƙƙautawa, kowa ya ajiye biro ya fito tarya, ko da malami na tsakiyar magana. In kuwa an sha kashi, motar ta lallaɓo shiru kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

To, tun da aka damƙa mini ƙarfen nan ban taɓa buga ta nasara ba. A kakar wasannin shekarar, samarinmu sun buga bakwai, sun sha kashi shida, sun yi canjaras ɗaya (shi ma ruwa ne ya tsinke aka tashi wasan). 'Yan matanmu na ƙwallon hannu dai suna ta cin wasa abinsu, amma su a napep ake kai su a dawo da su, ba hon ba labari, ni kuma mutum ne mai bin doka.

Abin ya ishi shugabar makaranta, Hajiya Asabe, wadda muke kira Mama. Ta tara mu ta ce in aka sake shan kashi a wasan ƙarshe, za ta rushe ƙungiyar, ta ba Malam Sule na darasin noma filin ya shuka gyaɗa. Tun ba a je ko'ina ba Malam Sule ya fara zagaya filin yana auna shi da taku.

Wanda abin ya fi damu shi ne Danladi, mai tsaron gidan ƙungiyarmu, ɗan barikin Shadawanka, wanda muke zama benci ɗaya. Ba a ce yaron bai iya ba. Shi kaɗai ne ya iya, shi ya sa ma ake cin mu uku maimakon goma. Ranar da za su tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Abokina, Mama ya riga ya faɗa. In sun ɗauke filin nan, me zai kawo ni makaranta kuma? Lissafi bai san ni ba, ni ma ban san shi ba." Ya yi dariya, amma na ga idonsa. Ya ce, "Ka shirya ƙarfenka, yau sai ka buga."

Wallahi na tausaya masa, kuma ina son in buga ƙararrawar nan fiye da yadda nake son cin jarrabawa. Ranar ko kalma ɗaya ban fahimta a aji ba. Sau uku ina ɗaukar izinin zagayawa bayan gida, har malamin ya tambaye ni me na ci da safe. A na huɗu ban ma koma ba, na tsaya gindin dalbejiya riƙe da ƙarfe, kunne a kwana.

Wajen ƙarfe ɗaya na ji shi. Hon ɗin Baba Ilu ba ya ɓoyuwa, muryarsa a shaƙe take. Ɗaya. Na riƙe numfashi. Biyu. Uku, dogo, har da ƙari.

Jama'a, na bugi wilin nan kamar shi ya kashe mini kaka. Na buga har tafin hannuna ya yi ja. Azuzuwa suka fashe, yara na tsallake taga, 'yan mata na guɗa, ana buga tebura da robobin ruwa. Kafin motar ta iso ƙofa an yi mata zobe. Na hango 'yan wasan ta taga sun sunkuyar da kai, na ce a raina, Allah sarki, daɗi ne ya sa su kuka.

Danladi na saukowa aka yi sama da shi. Yana ta fizge-fizge yana cewa, "Ku sauke ni, don Allah ku sauke ni," mu kuma muna cewa ka ji kunya irin ta gwanaye. Ni ne a gaba, ina ɗaga ƙarfe sama ina jan waƙa.

Sai ga Mama ta fito daga ofis, fuska cike da fara'a, abin da ba mu saba gani ba. Ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta ce, "Alhamdulillahi. 'Ya'yana, yau kun fitar da ni kunya. Fili ya zama naku. Malam Sule, ka nemi wani wuri ka kai gyaɗarka." Aka sake ruɗewa da ihu.

A nan ne Malam Bitrus, malamin wasanni, ya samu ya kutso daga cikin mota, hularsa a hannu. Ya matso ya ce a hankali, "Ranki ya daɗe, shida suka ba mu."

"Shida muka ba su?"

"A'a, ranki ya daɗe. Shida da nema. Mu ne muke nema."

Ta juya ga Baba Ilu. Tsoho ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, ni fa shanu na kora. Garke guda ne ya tare mini kwana, sun ƙi matsawa."

Aka sauke Danladi a hankali. Mama ta tambaya, ba tare da ɗaga murya ba, wa ya buga ƙararrawa. (Tambayar ba ta da amfani. Ga ni tsaye a tsakiyar fili, ƙarfe a sama, agogo na ƙyalli.) Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki in yi bayani, abin da ya fito shi ne, "Mama, sau uku fa aka danna." Makaranta gaba ɗaya ta kwashe da dariya, har Malam Sule.

Mama ta daɗe tana kallona, ta kalli Danladi da ke share hawaye da safar hannunsa ta tsaron gida. Sannan ta ce, "Magana zarar bunu ce. Na faɗa a gaban yara, ba zan janye ba. Fili yana nan." Ta nuna ni da yatsa. "Kai kuma tunda kana da ƙarfin hannu, ciyawar filin taka ce har ka gama makaranta. Kuma 'yan matan nan da suka ci wasa huɗu ba ka taɓa motsa musu ƙarfe ba, gobe da safe ka buga musu."

Na buga musu, hannu a kumbure. A ranar kuma na karɓi langa-langa na shiga ciyawa, duk wanda ya wuce sai ya yi mini kukan saniya. Ina cikin sara na ji wani na sara a gefena. Danladi ne. Da muka kai bakin raga, ya tsaya ya dubi filin ya ce, "Shekara uku ina tare ƙwallo, ba a taɓa ɗaga ni sama ba sai ranar da na sha shida. Na gode, abokina."

Abin da na koya dai bai wuce wannan ba: in ka ji hon, ka daure ka ga fuskar direba tukuna. Yanzu ko ɗaurin aure aka ce an yi, ba na cewa Allah ya sa albarka sai na ga ango da idona. Amma kwanaki na bi ta wajen Inkil, na hango yara na ta guje-guje a filin nan, babu ko ƙwayar gyaɗa, na ce a raina, su Malam Bitrus da koyarwarsu duka, ba wanda ya taɓa ci wa makarantar nan wasa irin ni da shanu.